Amsa ga Maman Yara: Me Zan Ajiye, Kuma Ya Zan Dafa In Fita Ta Gagara?

Wata baiwar Allah daga Kano ta turo min tambaya, ta ce su takwas ne a gida, ita da maigida da yara shida, kuma tun dokar hana fita ta awa 24 da aka sa a farkon watan Agustan 2024 hankalinta bai kwanta ba, dan a ranar suna da rabin buhun masara da kwanon wake biyu a ɗaki amma yaranta da yunwa suka kwana. Tana so ta san me ya kamata ta riƙa ajiyewa, kuma ya za ta sarrafa shi in aka yi sati ɗaya ko biyu ba kasuwa, ba wuta, gas ma yana neman ƙarewa.

Wa alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya raya miki zuri'a. Tambayarki ta taɓa ni sosai, dan na shekara da shekaru ina kula da kicin ɗin makarantar kwana kafin na koma koyar da mata harkar abinci mai gina jiki, kuma abun da ya same ki na gan shi a gidaje da yawa. Kinga wannan rabin buhun masarar da kika ambata, shi ne gaba ɗaya maganar. Masara a buhu ba abinci ba ce tukuna, sai an surfa, an wanke, an shanya, an kai inji, sannan a samu ruwa da wutar da za a tuƙa. Ranar da aka hana fita mai inji ma yana kulle a gidansa. Toh ni in zan ba mutum shawarar ajiya ba na fara tambayar buhu nawa gare shi, tambaya uku nake: abun nan yana buƙatar niƙa? Ruwa nawa zai sha? Wuta nawa zai ci? Duk abun da ya faɗi a wannan jarabawar ki bar shi a matsayin abincin zaman lafiya, kar ki dogara da shi ranar tsanani.

Ina Maiduguri lokacin da madatsar ruwan Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, daren 9 wayewar 10 ga wata. Mu can wajen Bulumkutu muke ruwan bai iso mana ba, amma kafin azahar 'yan'uwa daga Gwange da Fori sun cika mana gida, wasu ko takalmi babu, na ƙirga mutum ashirin da uku har da jarirai biyu. Kasuwar Monday Market tana cikin ruwa, gari ya rabu biyu. Akwai buhun gero cikakke a sito, wallahi kwana uku ba mu taɓa shi ba. Abun da ya riƙe mu a kwanakin farko garin kwaki ne da ƙuli-ƙuli, da wani garin kunu da na soya na ajiye a bokitin fenti, da taliya, da kuka da daddawa. Sai a rana ta huɗu da aka samu natsuwa 'yan mata suka shiga turmi. Tun daga lokacin na canja yadda nake koyarwa.

Bari mu fara da lissafi dan kar ki sayi abu da ka. Ƙungiyoyin agaji suna aiki da kalori 2,100, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, ga mutum ɗaya a rana, wanda in aka fassara shi zuwa kayan awo yana kamawa wajen giram 400 zuwa 450 na hatsi, giram 50 zuwa 60 na wake, giram 25 zuwa 30 na mai, da gishiri giram 5. A harshen kicin, kamar gwangwanin madara uku na hatsi ke nan ga mutum ɗaya, wake ƙasa da rabin gwangwani, mai cokali biyu manya. Ku takwas na sati biyu zai kama kilo 45 zuwa 50 na hatsi, wake wajen kilo 7, mai lita huɗu, gishiri leda ɗaya da ɗan ƙari. Tunda akwai ƙananan yara a cikinku zai ma ɗan yi saura. Na ba ki da kilo ne saboda kwanon awo ya bambanta, na Dawanau daban na wata kasuwar daban.

Amma kar ki je ki ɗauko buhun abu ɗaya mai kilo 50 ki ce kin gama. Ki raba shi. In ni ce zan yi wajen kilo 15 na shinkafa, kilo 10 na garin kwaki, katan ɗaya na taliya, kilo 5 na tsakin masara, kilo 5 na garin tuwo da aka niƙa aka shanya ya bushe ƙayau, sauran kuma garin kunu da garin ɗanwake. Kinga duk babu mai jiran inji a ciki. Na san kuɗin ba ƙarami ba ne a wannan zamanin, ba kuma a rana ɗaya ake haɗawa ba. Duk ranar da aka yi cefane ki cire gwangwani biyu ki zuba a wata roba daban, in kaka ta yi, daga Oktoba zuwa Disamba, hatsi ya sauko sai ki ƙara da ƙarfi. A wata uku za ki sha mamakin abun da ya taru.

Akwai abu ɗaya game da gari da mata da yawa ba su lura ba. Garin gero ba ya jimawa, saboda gero yana da maiƙo a jikinsa, da an niƙa shi cikin 'yan kwanaki zuwa sati biyu zai fara ɗaci da wani wari kamar na tsohon mai, musamman lokacin zafi. Dan haka in za ki ajiye na kunu ki soya geron sama-sama a busasshiyar tukunya har ya fara ƙamshi kafin a kai niƙa, ya huce sosai, sannan ki zuba a abu mai murfi da iska ba ta shiga. Garin masarar da aka surfa aka cire dusa ya fi daɗewa, haka garin dawa. Kuma duk garin da ya dawo daga inji da ɗumi yake dawowa, in kika ƙulle shi a leda a haka zai yi gumi ya dunƙule ya yi fumfuna, sai kin baza shi a tire ya sha iska tukuna.

Garin kunun da nake yawan koya wa mata shi ne wanda ake kira Tom Brown, an yi amfani da shi sosai a Borno da Yobe wajen farfaɗo da yaran da suka rame. Awo shida na hatsi, gero ko dawa ko masara ko ki gauraya su, awo uku na waken soya, awo ɗaya na gyaɗa. Waken soyan ki jiƙa shi, ki murje ɓawon, ki shanya ya bushe, ki soya har ya yi ja-ja ƙamshin ɗanyen wake ya fita, gyaɗar ma a soya a murje, hatsin a wanke a shanya a soya, ki jefa 'yar citta da kanumfari a niƙa gaba ɗaya. Ranar buƙata ki dama da ruwan sanyi, ki zuba a tafasasshen ruwa kina juyawa minti biyar zuwa goma, shike nan. Yaro ya sha kofi ɗaya da safe zai kai azahar bai yi kuka ba, tsoho mara haƙori zai sha, mai jego za ta sha. A gidanmu lokacin ambaliyar shi ne karin kumallon mutum ashirin da uku, da gawayin da bai fi cikin tafin hannu biyu ba. Ki riƙa yin na wata ɗaya ko biyu kina sabuntawa, saboda gyaɗar da ke ciki.

Yanzu kayan miya, kuma a nan ne mu Hausawa Allah ya rufa mana asiri tun kaka da kakanni, dan kusan duk miyarmu akwai busasshiyarta. Kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, daddawa, barkono, busasshen tattasai da attaruhu, kauɗar tumatir, busasshiyar yakuwa, rama, zogale, tafasa. Lokacin da tumatir ya yi araha a kasuwa, daga Janairu zuwa Maris sanda na Kura da Kadawa ke shigowa, ki yanka ki shanya a kan tabarma mai tsafta a saman wani abu, ba a ƙasa ba inda ƙura da awaki ke bi. Zogale kuwa a inuwa ake shanya shi, rana tana cinye masa amfani, in ya bushe ya kamata ki gan shi kore shar, in ya koma ruwan ƙasa an ɓata shi. Albasa da tafarnuwa suna sati da sati in an baza su inda iska ke ratsawa. Ki haɗa da bandar kifi ko garin ƙananan kifi, da dakakken yaji mai ƙuli, da tsamiya, da kanwa 'yar kaɗan, da dunƙulen magi. Manja da man gyaɗa duk suna daɗewa in ba a sa musu jiƙaƙƙen cokali ba.

Toh ga yadda girkin ke tafiya. Rana ta farko ba ki taɓa busassun kaya ba, abun da zai lalace ake fara ci. In wuta ta ɗauke, firij yana riƙe sanyi kamar awa huɗu ne kawai in ba a buɗe shi, firiza cikakkiya tana kai kwana biyu, wadda take rabi kwana ɗaya. Kin tuna ƙarshen Oktoban 2024 da kusan duk Arewa ta yi sama da sati babu wutar lantarki, mutane da yawa sun yi ta jiran a kawo wuta har naman ya yi wari. Kar ki jira. Da kin ga abun zai ja, ki fito da naman ki tafasa da gishiri ki soya shi ƙarau irin na layya, ko ki yi dambunsa, ɗanyen tumatir da tattasai ki jajjaga a turmi ki dafa har ruwan ya ƙone ki soya da mai sosai, man ya rufe samansa, kullum ki ɗumama shi ya tafasa. Wannan zai kai ki kwana biyu ko uku kafin ki shiga kauɗa.

Daga nan dokar ita ce tukunya ɗaya, kuma kar a zubar da ruwan dahuwa. Shinkafa fara da miya daban abincin yalwa ne, tukunya biyu, wuta biyu, ga tacewa, ga wanke-wanke. Ki koma dafa-duka. Taliya ma haka, ki soya albasa da jiƙaƙƙiyar kauɗa da kika daka, ki zuba ruwa daidai wanda zai shanye, ki sa daddawa da garin kifi, ki kakkarya taliyar a ciki, minti goma sha biyar an sauke kuma ba ɗigon ruwan da ya tafi kwata. Faten tsaki yana cikin abun da na fi yarda da shi in mutane sun yi yawa, dan gwangwani huɗu na tsaki da dakakkiyar gyaɗa da busasshiyar yakuwa ko zogale zai cika tukunyar da mutum takwas za su ƙoshi, ruwan da aka dafa da shi ma ciki ya tafi. Ɗanwake kuma kin san ba ya cin wuta, in garin a haɗe yake da kukarsa, kwaɓawa ne da ruwan kanwa a jefa, kafin minti goma sha biyar ya taso, sai mai da yaji. Ranar da gas ya kusa ƙarewa ki yi teba, ruwan zafi kawai take so, miyar kuka kuwa ko babu nama in daddawa ta ji ta dahu da barkono da ɗan kifi, minti goma ta haɗu. Kuskus ma tafasasshen ruwa ake zuba masa a rufe.

Wake shi ne mai cinye gas, kuma shi ne naman talaka a irin wannan lokaci, dan haka ba za a bar shi ba. Ki jiƙa shi tun dare, awa takwas ko fiye, lokacin dahuwarsa zai ragu sosai. Kanwa tana taimakawa amma 'yar mitsitsiya, in ta yi yawa tana kashe wasu sinadaran bitamin B kuma tana sa yara gudawa, wanda shi ne abun da ba kya so sam a lokacin da asibiti ke da wuyar zuwa.

Sai dabarar da nake so ki gwada tun yanzu, ita ce dafuwa da bargo. Ki ɗora jiƙaƙƙen wake ya tafasa sosai na minti goma sha biyar, ki zuba shinkafarki da gishiri ta ƙara tafasa minti biyar, ruwan ya ɗan ɗara kan abincin kaɗan. Ki rufe da murfin da ya kama bakin tukunyar ruf, ki sauke, ki naɗe ta da tsohon zani, ki saka a kwando ko kwali da kika shimfiɗa wa bargo, ki lulluɓe sama da ƙasa da gefe, ki ɗora filo a kai. Kar kowa ya buɗe ya leƙa. Bayan awa biyu ki zo ki buɗe, za ki tarar da garau-garau ya dahu luguf, tururi na tashi, ƙasan bai kama ba. Shinkafa zalla minti arba'in ta isa. Zafin da ke cikin tukunyar ne yake ƙarasa aikin tunda an hana shi fita. Ranar da na fara nuna wa matan da suka sauka a gidanmu, wata dattijuwa zama ta yi kusa da kwandon tana taɓa bargon har lokacin ya cika, da aka buɗe ta ɗebi wake ɗaya ta murje a yatsa sai ta kama salati. Gawayin da zai yi girki ɗaya sai ya yi biyu ko uku. Sharaɗin kawai, tukunyar ta kasance cike ko kusa da cika dan ƙaramin abinci yana saurin hucewa, kuma in ya wuce awa huɗu a naɗe ko kika buɗe kika ji ya koma ɗumi-ɗumi, ki mayar wuta ya sake tafasa kafin a ci.

Tunda na ambaci gawayi, dan girman Allah kar ki shigar da kurfoti cikin ɗaki ki rufe ƙofa, ko ana ruwa ko ana sanyi ko ana jin tsoron waje. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, mutum zai ji ciwon kai da jiri da barci, daga nan sai dai a fasa ƙofa. Haka janareta. A tsakar gida ko baranda ake hura shi. Ki ajiye buhun gawayi ko rabi a inda ruwa ba ya taɓawa, da ashana a cikin kwalba mai murfi, in da hali da ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 ko 6 wadda ba a taɓa ta sai ranar.

Akwai kuma ranar da ba za a iya hura wuta ba kwata-kwata, ko ana gudu ko an rasa makamashi. Nan ne garin kwaki ke nuna darajarsa. Ki yayyafa masa ruwa ya ɗan yi laushi, ki zuba dakakken ƙuli, mai, albasa, yaji da gishiri ki kwaɗa, ko a jiƙa da sukari da gyaɗa da madarar gari. Dabino, aya, dakuwa, kantun riɗi, soyayyar gyaɗa, kilishi, cincin, biskit, sardin na gwangwani, duk waɗannan a buɗe ne a ci. Nakiya da alkaki da iyayenmu ke yi wa amare suna wata da watanni, ba banza suka zaɓe su ba. Sai dai gari da ake ci ba dahuwa yana da haɗarinsa, ɓera. Zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, dan haka garin da za a jiƙa a sha dole ya zauna a bokiti mai murfi mai kamawa, ba a buhu ba, kuma ki saya a wurin wanda kika yarda da tsaftarsa. In kina shakkar wani gari ki yi teba da shi da tafasasshen ruwa.

Ruwa kuwa ya fi duk abun da na lissafa muhimmanci, na ajiye shi nan ne dan in daɗe a kansa. Ma'aunin masu agaji shi ne lita 15 ga mutum ɗaya a rana in an haɗa sha da girki da tsafta. Sha da girki kaɗai ki ƙaddara lita shida, ku takwas jarka biyu ke nan masu lita 25 kullum. Ba za ki iya tara na sati biyu a gidan haya ba, na sani, amma ki yi ƙoƙari a ce kullum akwai na kwana uku a rufe, sannan ki mallaki abun da za ki gyara wanda za a samo. In ruwan ya yi dauɗa ki bar shi ya kwanta ko ki sa alam, wanda wasu ke kira alif, ki tace da farin ƙyalle. Amma alam laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta, mutane da yawa suna ganin ruwa ya yi garau sai su sha. Bayan tacewa sai an tafasa ya yi ɓul-ɓul na minti ɗaya cikakke, ko a sa maganin ruwa irin su Aquatabs ko WaterGuard yadda aka rubuta a jiki, a jira minti 30. Bayan ambaliyar Maiduguri da 'yan makonni kwalara ta ɓulla a Borno, dan ruwan ya haɗe masai da rijiyoyi. Ki ajiye ledojin ORS, wato garin gishiri da sukari da ake dama wa mai gudawa, da ƙwayar zinc a cikin kayanki. In babu, lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe ba mai tsororuwa ba, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kar a ƙara gishirin da sunan ƙarfi, yana yi wa yaro illa. Yaron da idonsa ya faɗa, ya kasa sha, ko yake gudawa kamar ruwan shinkafa, a nemi asibiti ko ana dokar hana fita, jami'an tsaro a gaya musu mara lafiya ne.

Wajen adanawa, babban abokin gaba shi ne ƙwarin wake. Kar ki yarda da zuba fiya-fiya ko Sniper a abinci, guba ne, hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kai, haka ƙwayar nan da ake kira bom ba abun sawa a ɗakin da mutane ke kwana ba ce. Ki shanya waken ya bushe har in kin ciza ya ce ƙas, ki cika jarka mai tsafta har wuya, ki sa leda a bakin ki murɗa murfin tam. Iska ta ƙare a ciki ƙwarin da ƙwansu sun mutu. Buhun PICS mai leda biyu a ciki ma haka yake aiki. Gyaɗa da masara kuma fumfuna ce matsalarsu, tana haifar da gubar afulatoksin mai lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta, duk ƙwayar da ta yi baƙi ko kore ko ta yanƙwane ko take ɗaci ki tsince ki zubar. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa ko yake yoyo kar ko a ɗanɗana. Kayan duka a ɗora kan katako ko benci kar su taɓa ƙasa ko bango, ki rubuta watan da kika saya a jiki, ki riƙa ci daga tsoho kina mayar da sabo. Duk abincin da ruwan ambaliya ya taɓa, in ba gwangwani ne lafiyayye da za a wanke bayansa da kyau ba, ya tashi daga abinci, na ga mata suna shanya shinkafar da ruwan ya jiƙa suna kuka, na san zafin asarar amma ruwan nan da najasa yake tafe.

Ragowar dafaffen abinci kuma a kula da shi. Shinkafa ce mafi haɗari, in ta kwana a zafi ba firij tana iya sa amai ko an ɗumama ta, dan gubar da ke taruwa a ciki ba ta jin wuta. Ki dafa daidai cikin mutane. Tuwo in ya kwana a yi ɗumame na gaske, ya yi zafi har tsakiya, miyar ta tafasa.

Ba ki faɗa min shekarun yaranki ba, amma in akwai na goye ki ci gaba da ba shi nono ko ke ba ki ƙoshi ba, nonon bai lalace ba dan kin shiga tashin hankali, yawan tsotso ne ke ƙara kawo shi, ke dai ki sha ruwa da kunu. Ɗan ƙasa da wata shida nono zalla, ko ruwa kar a ba shi, madarar gwangwani da ruwan da ba a tabbatar ba ita ke kwantar da jarirai a irin wannan lokaci. Zuma kuma ba a ba ɗan ƙasa da shekara ɗaya. Waɗanda suka fara cin abinci cikinsu ƙarami ne, sau huɗu ko biyar za a ba su kaɗan-kaɗan, ki ƙara cokalin mai ko garin ƙuli a kununsu, kuma ki zuba musu a kwanonsu daban dan in aka haɗa su da manyan yara a tire ɗaya ba sa samun rabonsu. Tunda ba ɗanyen ganye ba lemo, ki riƙa jiƙa tsamiya ko zoɓo ko garin 'ya'yan kuka su sha, na kukar yana da bitamin C sosai. In akwai mai ciwon suga a gidan, jiƙaƙƙen gari da sukari ba nasa ba ne, a fifita masa wake da ɗanwake da fate mai ganye, mai hawan jini a rage masa magi da sinadarin Indomie, kuma maganinsu na sati biyu ya kasance cikin ajiyar.

Ki ware bokiti ɗaya mai murfi da hannu, ki zuba gari, ƙuli, dabino, sukari, garin kunu, ORS, maganin ruwa, ashana, kofi biyu da ƙaramar tukunya, da 'yan kuɗi tsaba a ƙulle a leda tunda mun ga yadda taransifa ta gagara a farkon 2023. Ya zauna kusa da ƙofa, kowa a gidan ya san shi, har yaran. Mutanen da suka zo mana daga Gwange cikin dare ruwa ya tashe su, babu wanda ya iya ɗaga buhu. Sannan ki zaɓi wata Asabar a watan nan ki yi girkin yini guda daga ajiyar kawai, ba cefane ba aike, ki gwada garau-garau a bargo, ki ga abun da yaranki suka ci da wanda suka ture, dan in akwai wanda ba ya shan kunun soya gara ki sani yanzu ki canja masa da kunun gyaɗa.